Shin daga falsafar Girkawa tauhidin Kirista ya fito?

"Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a jami'a, ina kuma koyar da matasa a ikilisiyarmu ranar Lahadi. A darasin falsafa malaminmu ya ce abin da muke kira tauhidin Kirista tunanin Aflatun ne aka sa wa rigar coci. Har ya ce kalmar da aka gina koyarwar Allah Uku Cikin Ɗaya a kanta ba ta cikin Littafi Mai Tsarki sam. Na duba, ban kuwa same ta ba. Abin ya tsaya mini a rai. Shin iyayen ikilisiya na farko sun gauraya bangaskiya da falsafar Girkawa ne? In sun gauraya, me ya rage na asali?"

Ɗana, barka kadai. Na ji daɗi da ka je ka duba da idonka kafin ka rubuto, domin da yawa in suka ji irin wannan magana sai su fusata ko su tsorata, ba su ko buɗe littafi ba. A kan kalmar nan malaminku gaskiya ya faɗa. Kalmar Girkanci da aka sa a shahadar bangaskiya ta Nikiya a shekarar 325, wato homo'usiyos, mai nufin Ɗan ainihinsa ɗaya da Uba, ba za ka same ta ba daga Farawa har Wahayin Yahaya. Sai dai tambayarka biyu ce a ɗaure wuri ɗaya. Ta farko, shin iyayen ikilisiya sun karanta falsafar Girkawa sun yi aiki da ita? Amsa i ce, babu kwana-kwana, su da kansu ma ba su ɓoye ba. Ta biyu, shin falsafar ce ta ba su abin da suka gaskata? Nan ne muka rabu da malaminku, nan kuma zan fi daɗewa.

Duniyar da suka tashi a ciki

Bayan yaƙe-yaƙen Iskandar Mai Girma, wanda ya mutu a 323 kafin haihuwar Almasihu, Girkanci ya zama harshen kasuwa da makaranta daga Masar har Siriya da ƙasar da yau ake kira Turkiyya. Bayahude da Bamisire in sun haɗu, da shi suke ciniki. Yahudawan Iskandariya sun fara juya Attaura zuwa Girkanci tun ƙarni na 3 kafin Almasihu, Sabon Alkawari kuwa gaba ɗayansa da Girkanci aka rubuta shi. Ke nan tun ba a haifi wani uban ikilisiya ba saƙon ya riga ya shiga bakin Girkawa, harshe kuwa ba ya zuwa hannu rabbana, kowace kalma da kayan da ta goyo.

Dubi kalmar da Yahaya ya buɗe bishararsa da ita, logos, wadda muke karantawa Kalma. Bayahude in ya ji ta, hankalinsa na komawa Farawa inda Allah ya ce a yi haske, haske ya kasance. Bagirke mai karatu kuwa sai ya tuna Heraklitus na Afisa, wanda ya yi amfani da ita wajen shekara 500 kafin Almasihu, da Sitokiyawa, mabiya wata makarantar falsafar Girka, da suke kiran hikimar da ta ratsa duniya take riƙe da tsarinta logos. Filo, Bayahuden Iskandariya da ya yi zamani da Yesu, ya riga ya haɗa ma'anonin biyu a sharhinsa na littattafan Musa.

Ka kuma sani falsafa a wancan zamani hanyar rayuwa ce. Mutum kan zauna a gaban malami shekaru yana koyon yadda zai danne fushi, yadda zai tari mutuwa, da abin da ake nufi da Allah. Shi ya sa Bulus da ya isa Atina, a Ayyukan Manzanni sura 17, masana falsafa Abikuriyawa da Sitokiyawa ne suka tare shi. A Tudun Arasa ya jawo musu baitin mawaƙinsu Aratus, cewa mu ma zuriyar Allah ne. Suka saurare shi har ya ambaci tashin matattu, sai waɗansu suka yi masa ba'a. Shi dai Bulus ɗin ne ya gargaɗi Kolosiyawa kada kowa ya kama su bayi ta hanyar falsafa da yaudarar banza. Karɓa da ƙi duka suna cikin mutum ɗaya tun daga farko.

Mai alkyabbar masana

In mutum ɗaya zan zaɓa in nuna maka yadda abin ya faru, Yustin Shahidi ne. An haife shi wajen shekarar 100 a garin da yau ake kira Nablus, iyayensa ba Yahudawa ba ne, ba Kirista ba. Shi da kansa ya ba da labarin yawon neman iliminsa. Ya fara da wani Basitoke, ya daɗe tare da shi bai ƙaru da komai game da Allah ba, malamin ma ya ce wannan sani ba dole ba ne. Ya koma wajen wani almajirin Aristotal, bayan 'yan kwanaki malamin ya ce a yanka kuɗin karatu, Yustin ya bar shi. Wani mabiyin Fitagoras ya tambaye shi ko ya san kiɗa da ilimin taurari da lissafin awo, da ya ce a'a aka sallame shi. Sai a wajen mutanen Aflatun hankalinsa ya kwanta, har yana zaton ya kusa ganin Allah. Wata rana yana tafiya shi kaɗai kusa da teku ya gamu da wani tsoho. Tsohon ya yi ta yi masa tambayoyi a kan rai har Yustin ya rasa amsa, sa'an nan ya nuna masa annabawa da Almasihun da suka yi shelarsa. Yustin ya ce nan take wuta ta kama a ransa.

Abin lura shi ne bai tuɓe alkyabbar masana falsafa ba bayan ya ba da gaskiya. Da ita ya je Roma ya buɗe makaranta, yana cewa ya samo falsafa ta gaskiya. A takardar kāriya da ya rubuta wa Sarki Antoninus Fiyus wajen 155 ya ce Kalman da ya zama mutum cikin Yesu shi ne ya warwatsa ƙwayoyin gaskiya cikin dukan 'yan Adam, don haka waɗanda suka rayu bisa ga Kalman, irin su Sokratis da Heraklitus, Kirista ne ko da an ɗauke su marasa addini. Magana ce mai ƙarfi, har yau tana girgiza ɗalibaina. Amma ka lura da wanda ke sama a cikinta: Sokratis ya tsinci ɓarɓashi, cikakken yana wurin Almasihu. Yustin ya kuma yi da'awar cewa Aflatun daga Musa ya kwaso, wannan kuwa tarihi bai goyi bayansa ba. Wajen 165 aka gurfanar da shi tare da mutum shida a gaban Rustikus, hakimin Roma, wanda shi kansa Basitoke ne, malamin Sarki Markus Aureliyus. Aka ce su yi wa alloli hadaya, suka ƙi, aka fille musu kai. Da tunanin Aflatun kawai Yustin ya riƙe, da ya zuba turaren ya koma gida, domin mabiya Aflatun ba su ga laifin hadayar gari ba.

Ba kowa ne ya bi Yustin ba. Almajirinsa Tatiyan ya rubuta wa Girkawa zazzafan raddi. Tatuliyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, shi ya yi tambayar da ta shahara wajen shekarar 200: me ya haɗa Atina da Urushalima? A ganinsa falsafa ce uwar kowace bidi'a. Duk da haka da ya zo bayani a kan rai, hujjar Sitokiyawa ya ɗauka ya ce rai ma jiki ne mai laushi, ya kuma ce Seneka, Basitoken Roma, sau da yawa namu ne. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Shi ne kuma ya fara amfani da kalmar Latin ɗin da ta zama Triniti, wato Allah Uku Cikin Ɗaya.

A Iskandariya aka fi sakin jiki. Kilement ya ce yadda Shari'a ta yi wa Ibraniyawa jagora zuwa ga Almasihu, haka falsafa ta yi wa Girkawa. Bayansa Orijin ya zo, wanda aka kashe mahaifinsa saboda bangaskiya wajen 202 yana saurayi. Wannan mutum ya jera Tsohon Alkawari a layi shida, Ibrananci da fassarorin Girkanci, don a gwada su kalma da kalma, yana kuma sa ɗalibansa su karanta dukan masana falsafa ban da masu musun Allah. Hujjarsa ita ce Isra'ilawa da suka fita Masar sun kwashi zinariyar Masarawa, da ita aka ƙera kayan alfarwa mai tsarki.

Inda suka taka birki

Hanyar da nake gwada da'awar malaminku ita ce in tambayi masana falsafar zamanin su da kansu. Da tauhidin Kirista Aflatun ne cikin wata riga, da mutanen Aflatun sun gane ɗan'uwansu. Kelsus, mabiyin Aflatun, ya rubuta littafin sukar Kirista wajen 178, mun kuma san abin da ya faɗa domin Orijin ya kawo maganganunsa ya amsa su cikin littattafai takwas wajen 248. Kelsus ya ce Allah cikakke ba zai sauko cikin mutane ba, domin saukowa sākewa ce daga mai kyau zuwa marar kyau. Tashin jiki kuwa ya kira shi begen tsutsotsi. Abin da ke tsakiyar bangaskiya shi ne daidai abin da ya fi ɓata masa rai.

Haka batun halitta. A wurin Aflatun mai ƙera duniya gwani ne da ya tarar da kayan aiki ya tsara su, kamar magini da ya tarar da yumɓu. Aristotal ya ce duniya ba ta da farko. Tiyofilus na Antakiya da Ireniyus na Liyon, wajen 180, suka tsaya a kan cewa Allah ya yi kome daga babu. Babu makarantar Girka da ta koyar da haka.

Yanzu mu zo kan Nikiya. Kirista suna yin baftisma da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki tun zamanin bisharar Matiyu. Filini, gwamnan Bitiniya, ya rubuta wa Sarki Tarajan wajen 112 cewa Kirista kan taru kafin gari ya waye su rera wa Almasihu waƙa kamar ga allah. Sujada ce ta riga, bayani ya biyo ta a baya, kuma Filotinus, masanin falsafa mabiyin Aflatun, wanda ake cewa daga wurinsa aka kwafi ukun, sai wajen 204 aka haife shi. Shi ma yana da uku, wato Ɗaya da Hankali da Rai, amma nasa tsani ne, kowanne yana ƙasa da na samansa. A nawa karatun, Ariyus, limamin Iskandariya da ya ce Ɗan halitta ne mafi ɗaukaka amma akwai sa'ad da babu shi, shi ne ya fi dacewa da wannan tsani. Taron Nikiya tsanin ya ƙi.

To me ya kai su ga kalmar da ba ta cikin Littafi? Atanasiyus, wanda ya halarci taron yana dikon, ya ce bishof-bishof sun so su tsaya a kan kalmomin Nassi. Amma duk ayar da aka kawo, cewa Ɗan daga Allah yake, ko shi ikon Allah ne, ko surarsa, sai mutanen Ariyus su yi ta raɗa suna ƙifta wa juna ido, don sun san yadda za su fassara ta ta yi daidai da ra'ayinsu: ai mu ma daga Allah muke. Aka nemi kalmar da ba ta da ƙofar baya, aka ɗauko homo'usiyos, ma'ana ainihinsa ɗaya da Uba. Ba a kuma huta ba, fiye da shekara hamsin aka yi ana jayayya a kanta har taron Kustantiniya na 381.

Wannan abu na fi gane shi a aji. Na yi shekaru ina koyar da tarihin ikilisiya da Hausa a makarantar horar da masu wa'azi. Wata rana na rubuta usiya, kalmar Girkancin da aka gina homo'usiyos da ita, da alli a allo, na ce a ba ni Hausarta. Wani ya ce jiki, 'yan'uwansa suka ce Allah ba shi da jiki. Wani ya ce iri, sai muka ga in Uba da Ɗa iri ɗaya ne kamar zangarniyar dawa biyu, alloli biyu muka samu. Wata ta ce asali, aka ce wannan ya yi kama da 'yan gida ɗaya. Can wani dattijo a layin baya, wanda ya yi karatun allo da na zaure a ƙuruciyarsa, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai zati ke nan." Ajin ya yi tsit. Kalmar Larabci ce da malaman tauhidi na Musulunci suka yi ƙarnuka suna gogewa, ta kuwa fi duk sauran kusa. Muka karɓe ta, muka ƙare sauran darasin muna faɗin inda ta yi daidai da inda ba ta kai ba. Waɗanda suka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932 irin aikin da suka yi ke nan da Allah da Almasihu da tuba da zunubi.

Basil na Kaisariya da abokinsa Giregori na Naziyanzus a Atina suka yi karatu. Basil ya shawarci matasa su karanta littattafan Girkawa kamar ƙudan zuma, da ba ya sauka a kan kowane fure, wanda ya sauka a kai ma ba ya kwashe shi duka. Su ne, tare da ƙanen Basil, Giregori na Nisa, suka daidaita lafazin ainihi ɗaya cikin uku masu bambanci. Kuma da Yunomiyus, wani bishof mai ra'ayi irin na Ariyus, ya ce ya san ainihin Allah sarai ta hanyar mantiƙi, su ne suka tsawata masa cewa babu kalmar da ta kewaye Allah. Sun san kayan aro ba ya rufe katara.

Agustin, ɗan Tagaste a Aljeriya ta yau, ya faɗi abin ƙarara. Shekara tara yana cikin Manikiyawa, mabiya addinin wani mai suna Mani, yana ɗaukar mugunta wani abu ne mai zaman kansa da ke yaƙi da Allah. A Milan littattafan mutanen Aflatun, a fassarar Latin, suka buɗe masa ido ya gane Allah ba jiki ba ne, mugunta kuma rashin alheri ce, kamar yagewa a jikin riga. Ya ce a cikinsu ya karanta cewa tun fil'azal akwai Kalma, ko da ba da lafazin ba. Amma cewa Kalman ya zama mutum, ya ƙasƙantar da kansa har mutuwar gicciye, bai karanta wannan a can ba. Aka yi masa baftisma a 387.

Inda nake ganin Girkanci ya yi nauyi

Ba zan ce maka kome ya tafi daidai ba. Orijin ya koyar cewa rayuka sun wanzu kafin jiki suka faɗo, wannan warin Aflatun gare shi, ikilisiya kuma ta yi tir da koyarwar a ƙarni na 6, zamanin Sarki Yustiniyan. Raina jiki da aure da ke cikin rubuce-rubucen waɗansu iyaye ya fi kusa da makarantun Girka fiye da Farawa, inda Allah ya dubi abin da ya yi ya ga yana da kyau ƙwarai. Wanda ya fi damuna shi ne koyarwar cewa babu abin da ke taɓa Allah, ba baƙin ciki ba motsin zuciya. Nufinsu mai kyau ne, suna raba shi da allolin Girka masu kishi da sha'awa. Amma idan na karanta Yusha'u sura 11, inda Allah yake cewa yaya zai iya rabuwa da Ifraimu, zuciyarsa na juyawa a cikinsa, sai in ga iyayen suna wahala kafin su bar ayar ta yi magana. Kuma kalmomin da aka aro sun raba 'yan'uwa: bayan taron Kalkedon na 451 ikilisiyoyin Masar da Habasha da Armeniya da wani sashe na Siriya suka ware a kan lafazin ko Almasihu ɗabi'a ɗaya gare shi ko biyu, rabuwar tana nan har yau. Adolf Harnak, Bajamushen masanin tarihi da ya rasu a 1930, shi ya ce aƙidar ikilisiya aikin ruhun Girka ne a kan ƙasar bishara, maganar malaminku jikar tasa ce. Ya ga abu na gaske, sai dai a ganina ya auna aron fiye da yadda ya auna ƙin.

Wannan gardama ba ta tsaya a coci ba. Kiristocin Siriya ne suka fassara Aristotal zuwa Siriyanci, daga baya irin su Hunainu ɗan Ishaƙa, wanda ya rasu a 873, suka juya littattafan Girkawa zuwa Larabci a Bagadaza. Hujjojin da Yahaya Filofonus na Iskandariya ya kafa a 529 cewa duniya tana da farko sun isa hannun malaman Musulmi, waɗanda suka san shi da Yahaya Annahawi. Shehu Magili, da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Suyuɗi, shi yana kāre mantiƙi, Suyuɗi yana haramta shi. Tambayar Tatuliyan ce ta sake tasowa a wani gida.

Ka kuma san iyakar abin da na faɗa. Ni mai bi ne, daga ciki nake kallon tarihin nan, masana masu gaskiya kuma sun karanta littattafan da na karanta sun fito da hukunci daban. Tarihi zai nuna maka daga ina kalma ta fito da dalilin da ya sa aka zaɓe ta, amma ba zai yanke maka ko Yesu ya tashi daga matattu ba, wannan a wani wuri ake tsayar da shi. Matasanka na Lahadi kada ka ɓoye musu cewa homo'usiyos ba ta cikin Nassi, gara su ji daga bakinka tare da labarin masu ƙifta ido. Malaminku kuwa, ka same shi a ofis ka gaishe shi da ladabi, ka fara da Orijin domin nan ne malamin ya fi gaskiya, daga nan ku gangaro kan Kelsus da Nikiya.